Hasken Leza da Kusurwar Bargo: Yadda Ake Gano Karkata Kafin a Yanka

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi bargon nan da ke shimfiɗe a ƙasa. An ɗauki makonni ana haɗa ƙyallayensa ɗaya bayan ɗaya, an sa auduga a tsakiya, an sa yadin baya, an bi shi da ɗinki. A ido lafiya lau yake. To, bari in ninka shi biyu. Kun gani? Wannan kusurwar ta zarce 'yar'uwarta da kusan yatsa uku. In aka rataye shi a bango, gefe ɗaya zai riƙa rinjaya.

Ba ganganci aka yi ba, ƙananan kurakurai ne suka taru. Masu irin wannan ɗinki kan bar rubu'in inci a bakin kowane haɗi, wato milimita 6 da 'yar ɗoriya. In kowane haɗi ya ci milimita 1 fiye da ƙa'ida, kuma layin yana da haɗi 20, kafin a kai ƙarshe santimita 2 sun tafi. Ga kuma halin yadi. Ta tsawonsa ba ya miƙewa sosai, ta faɗinsa yana ɗan bayarwa, amma a gicciye, a kan digiri 45, sai ka ce roba. Duk ƙyallen da aka yanka mai kusurwa uku yana da irin wannan bakin. In kuma aka zo guga aka riƙa jan dutsen maimakon danna shi, an ƙara miƙe shi ke nan.

Wani zai ce ai akwai rula. Akwai, amma doguwar da aka saba aiki da ita inci 24 ce, kimanin santimita 60, bargon kuwa ya kai mita 2. Sai an matsar da ita sau uku ko huɗu, kuma a kowace matsarwa hannu na iya kaucewa. Kaucewar digiri 1 tak, a tsawon mita 2, santimita 3 da rabi ce. Shi ya sa muka aro kayan aikin magina, wato na'urar leza mai haska miƙaƙƙen layi. Haske ba a matsar da shi, ba ya kuma lanƙwasa.

Na'urar iri biyu ce, kuma nan ne mutane ke sayen wadda ba ita ba. Ta farko ita ce mai haska layi biyu a bango, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. A cikinta akwai wani ɗan nauyi da ke lilo, shi ke daidaita layin da kansa muddin karkatar wurin da aka ajiye ta ba ta wuce kamar digiri 4 ba. In ta wuce, sai hasken ya riƙa ƙiftawa. Wannan ta dace da wanda ke jera ƙyallayensa a bango kafin ya haɗa. Ta biyu ita ce ta masu sa tayil. A ƙasa ake ajiye ta, ta fitar da layi biyu da suka haɗu a digiri 90. In a ƙasa ko a kan tebur kuke aiki, ita za ku nema. Ana iya kulle lilon ta farkon a sunkuyar da ita ƙasa, amma da ta ɗan kishingiɗa gefe ɗaya, kusurwar ta tashi daga 90 ba tare da kun sani ba.

Don haka kafin na'ura ta yi wa bargo hukunci, ita ma a gwada ta. Daga inda layukan suka haɗu, ku auna santimita 60 a kan ɗaya, ku manna tef. Ku auna 80 a kan ɗayan, ku manna. Tsakanin alamomin biyu dole ya zama 100 cif. Tsohon lissafin nan ne na 3, 4, 5, mai tabbatar da cewa kusurwa digiri 90 ce. In ya ba ku 99 ko 101, kada ku taɓa bargon tukuna.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Kada ku ɗora hasken a kan bakin bargon. Bakin shi ne wurin da ya fi shan ja da murza, shi ne ma wanda ake tuhuma, ba za a sa shi shaida ba. Ku nemi ɗinki mafi tsawo kuma mafi miƙewa a ciki, galibi wanda ya haɗa tsakiyar bargon da yadin da ya kewaye shi. Ku shimfiɗa bargon a sake, ba ja, ku ɗora layi ɗaya a kan wannan ɗinkin. Sai ku dubi layi na biyu. Ga namu nan: a kusurwa suna tare da ɗinkin, a tsakiya sun fara rabuwa, a ƙarshe yatsa biyu ya shiga tsakaninsu. Ga karkatar, muraran.

Hannu zai so ya fizgo yadin ya kawo shi kan layi. A'a. Busasshen yadi in an ja shi, da an saki zai koma inda ya fito. Ku fesa masa ruwa ya yi danshi, bayan kun gwada a wani lungu kun tabbata rini ba ya zuba. Da tafin hannu za ku riƙa lallaɓa shi, daga tsakiya zuwa baki, har ɗinkin ya kwanta ƙarƙashin hasken. Sai ku kafe shi da fil marasa tsatsa a kan shimfiɗar soso, ku bar shi ya bushe ƙarau, ko da zai kwana. Gaggawa a nan ita ke sa a yi aikin sau biyu.

Da ya bushe, a zo yanka. Layin haske yana da kauri, milimita 2 ko 3 in ya yi nisa, don haka ku zaɓi gefe ɗaya nasa ku tsaya a kai. Bargo mai kaurin auduga kuma yana da tudu da kwari, hasken da ke tafe ƙasa-ƙasa zai riƙa tsallake wasu wurare. Saboda haka ni ba na yanka a kan haske. Ina ɗora rula a kansa, in ja layi da alli, in zagaya gefe huɗun, sannan in auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, ta nan da ta can. In awon biyu ya zo ɗaya, kuma kowane gefe ya yi daidai da wanda ke fuskantarsa, sai in ɗauki abin yanka.

In hasken na'urarku ja ne, kuka ga yana ɓacewa a kan yadi mai duhu, ku rage hasken ɗakin. Kore ya fi fitowa a ido, sai dai ya fi cin batir. Yawancin na'urorin nan 'yan aji na 2 ne, ƙarfinsu bai wuce miliwat 1 ba, amma duk da haka ba a zura musu ido. Wadda ke ƙasa kuwa daidai idon yaro mai rarrafe take, a kashe ta in an tashi.

Wani lokaci ruwa da fil ba sa isa. In bakin bargon yana tashi yana kwanciya kamar igiyar ruwa, yadin kewayen ne ya fi tsakiyar tsawo, domin a baki aka auna shi. Wannan sai farkewa, kuma gara a gano shi tun kafin a sa auduga. A auna bargon ta tsakiyarsa, a yanka yadin kewaye biyu daidai da wannan awon, a haɗa tsakiya da tsakiya da fil, ƙarshe da ƙarshe, sannan a hau keke. Bari in kunna hasken mu sake duba wannan kusurwar.