Yadda Ake Haɗa Ƙarƙashin Ruwan Dam a Blender Ya Fito Kamar Gaske

Assalamu alaikum, jama'a. Yau ƙarƙashin ruwa za mu shiga, amma a kwamfuta, da manhajar Blender wadda kyauta ake sauke ta. Gindin dam za mu haɗa, irin na Tiga: laka a ƙasa, kututturen bishiyar da ruwa ya ci, tarun masunci a gefe, karfasa suna giftawa.

Ku fara ajiye shuɗin nan da ake gani a bidiyon teku. A ruwa mai tsabta, ja ne yake fara ɓacewa, tun wajen zurfin mita 5, shuɗi kuma ya fi kowane launi nisa, shi ya sa teku take haka. Ruwan Tiga da Challawa da fadamun Haɗeja cike yake da laka da gansakuka, waɗanda suke shanye shuɗin tun daga sama. Abin da ya rage kore-kore ne da rani, da damina kuwa kalar ƙasa. Duk yaron da ya tashi yana ninƙaya a gulbi, kallo ɗaya zai yi wa ruwa shuɗi tangaran ya ce wannan ba namu ba ne.

Yanzu ruwan kansa, kuma nan ne rabin aikin yake. Ku tuna hazon hunturu, yadda bishiyar kusa take fitowa fes, ta nesa ta dushe. Haka ruwa yake yi, sai dai a tazara kaɗan. Ku kawo akwati ɗaya, ku faɗaɗa shi ya kai mita 30 ta kowane gefe, tsayi mita 6, kyamara tana ciki. A wajen haɗa material ɗinsa, ku cire abin da ke jone a fatarsa (Surface), ku jona Principled Volume, wato abin da ke cika cikin akwatin da hazo, a ramin bolum (Volume), launi kore mai ɗan ƙasa-ƙasa. Densiti, wato kaurin ruwan, ba a cankarsa, lissafi gare shi: ku raba 3 da nisan da kuke so abu ya ɓace. Idan a mita 10 ne, 0.3. Idan ruwan damina ne da ba a ganin abin da ya wuce mita 3, ku sa 1. Wannan lissafin yana aiki ne kawai idan girman kayanku na gaske ne. Karfasa ta zama tsawon santimita 25, kada ta zama mita 2. Anisotirofi kuma, wato ɓangaren da haske ya fi bazuwa a cikin hazon, ku ɗaga shi zuwa 0.7, don haske ya fi ƙarfi idan kyamara ta fuskanci rana.

Kada ku zuba hazon a World, wato sararin da ya kewaye dukkan aikin. Blender tana ɗaukar fitilar rana a matsayin abin da nisansa ba shi da iyaka, don haka hazon zai cinye hasken kafin ya iso, allo ya yi baƙi ƙirin.

Sai haske. Fitilar rana guda ɗaya ta isa, daga sama, a ɗan karkace. Sandunan hasken da ke ratsowa cikin ruwa ba sa fitowa sai an tare wani ɓangaren hasken. Ku shimfiɗa faifai a saman akwatin, ku ba shi zanen Voronoi mai kama da raga, wani waje ya toshe, wani waje ya buɗe. Ku mayar da zanen 4D, a wajen W ku rubuta #frame/100, zai riƙa sauyawa a hankali. Wannan faifan aiki biyu yake yi: yana ba da sandunan, yana kuma zana ragar hasken nan mai rawa a kan laka. Amma ku yi hattara da ita. A ruwa mai dauɗa ragar ba ta kai ƙasa mai zurfi da kaifinta, kuma yawancin masu koyo suna cika ta har dam ya koma wurin wankan otal. A gaɓa ta fito sosai, a zurfi ta kusa ɓacewa. Idan sandunan sun fito a dushe, ku duba kusurwar fitilar ranar, ku bar ta ƙasa da digiri 1.

In kyamara za ta ɗaga kai, saman ruwan yana buƙatar gilashi mai lambar karya haske 1.33. Daga ƙasa, sararin sama yana bayyana ne a cikin da'ira ɗaya mai faɗin kusan digiri 97, wajen da'irar kuma hoton ƙasan ruwan ne yake dawowa. A Cycles, injin Blender mai fitar da hoto kamar na gaske, gilashin nan yana tare rana ya jawo duhu da ɗige-ɗige. Maganinsa a kashe masa inuwa, hasken ya wuce kai tsaye.

Ruwan da babu komai a cikinsa matacce ne. Ku watsa ƙananan ɓarɓashi kamar 3,000 zuwa 5,000, girman milimita 1 zuwa 3, ku kashe musu nauyi gaba ɗaya, in ba haka ba za su zubo ƙasa. Ku ƙara Turbulence, wato ƙarfin da ke hargitsa abubuwa, mai rauni ya riƙa juya su. Wasu su gifta dab da kyamara a dushe, wannan kaɗai yana sa mai kallo ya ji yana cikin ruwan. Kumfa kuwa iska ce a cikin ruwa, don haka lambar karya haskenta a juye take, 0.75. Wanda ya bar ta a 1.33 zai ga ƙwallayen gilashi suna tashi. Kuma kumfa ba ta hawa a miƙe: tana lilo, manyan suna baje.

Saiwar bado da kacala da zaren taru duk su yi lilo gefe guda, a hankali, na nesa ya ɗan makara. Kyamarar ma a ba ta ɗan tangaɗi, ba mai yawa ba. Kututture da dutse ku rage musu ƙyalli. A waje jiƙaƙƙen abu yana sheƙi, a cikin ruwa ba ya yi.

Saura renda, wato fitar da hotunan ƙarshe, inda ƙaramar kwamfuta take kuka. Bidiyon daƙiƙa 10 a hoto 24 kowace daƙiƙa, hoto 240 ke nan. Idan kowanne ya ci minti 3, awa 12 cur. Ku yi duk gwajinku a Eevee, ɗaya injin mai sauri, a rabin girma. A Cycles ku fara da samfur (Samples) 128, wato yawan lissafin haske a kowane ɗigon hoto, tare da mai goge ɗige-ɗige (Denoise), sai dai ku lura, yakan ɗauki ƙananan ɓarɓashin a matsayin datti ya share su. In hakan ta faru, ku fitar da su daban ku ɗora daga baya. Kada kuma ku sa zanen Noise mai dabbare-dabbare a densitin akwatin, domin hazo mai kauri iri ɗaya ya fi saurin fita nesa ba kusa ba.

Wanda yake aiki da sola ko janareta a ƙauye, ya fitar da aikin hoto-hoto a PNG, kada ya fitar da bidiyo kai tsaye. Ya cire alamar Overwrite, don kada a sake yin hotunan da aka riga aka fitar. Idan wuta ta ɗauke a hoto na 130, gobe daga nan Blender za ta ɗora, sai dai a goge hoton ƙarshe idan bai kammala ba.