Daga Shikago: abin da ke sa sankarar furostet dawowa bayan magani

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, halin Shikago ke nan. A Jami'ar Shikago da kuke gani a bayana, a 1941, Charles Huggins ya nuna cewa sankarar furostet, 'yar gaɓar nan da ke ƙasan mafitsarar namiji, da testosteron, wato sinadarin mazakuta, take rayuwa. A hana ta shi, sai ta motse. Aikin ya ba shi kyautar Nobel a 1966, kuma har gobe da wannan dabara ake fara yi wa wanda ciwon ya bazu a jikinsa magani.

To, wani ɗan'uwa ya tambaye ni: tunda haka ne, me ya sa ciwon ke lafawa, sai kuma ya dawo da ƙarfinsa?

Wani ɓangare na amsar yana wajen sinadaran girma. Ƙananan furotin ne da ke manne wa ƙwayar halitta su umarce ta ta rabu, ta yawaita. Akwai EGF, akwai IGF-1 wanda galibi hanta ke samarwa. Ba mugaye ba ne fa, da su yaro ke girma, da su rauni ke warkewa. Saƙonsu yana bin wata hanya da ake kira PI3K da AKT, sannan akwai furotin PTEN mai kashe saƙon idan ya isa haka. A wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ciwonsu ya bazu kuma ya daina jin magani, PTEN ɗin ya lalace.

Ga inda abin ke ba ni mamaki. A 2011 masu bincike a New York suka nuna cewa hanyoyin biyu suna tare wa juna: ka toshe ta testosteron, ta AKT ta ƙara buɗewa, ka toshe AKT, ɗayar ta farfaɗo. Gida mai ƙofa biyu, kana tsaron gaba, ɓarawo na fita ta baya.

Shi ya sa yanzu ake gwada haɗa magunguna biyu lokaci guda, kamar abiraterone mai toshe hanyar testosteron da capivasertib mai toshe ta AKT. Ba na son a zuzuta abin: yana jinkirta ciwon ne ga masu lalataccen PTEN, kuma yakan zo da gudawa da hawan sukari.