Likitan da ya cire huhu sukutum a 1933

Assalamu alaikum. Malam shugaban taro, malamaina da ke gaba, ɗalibai. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa a kan Evarts Graham, likitan tiyatar ƙirji na Amurka: aikinsa a soja, tiyatar 1933, sannan maganar taba. An ba ni rabin awa, Allah ya sa na cika alkawari.

An haife shi a Shikago a 1883, mahaifinsa ma likitan fiɗa ne. Wannan mu wuce.

Na farko, 1918. Yaƙin duniya na ɗaya ana yi, mura da ƙyanda sun shiga sansanonin sojan Amurka, suna barin samari da ciwon huhu, daga nan mugunya ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari. Abin da kowane likita ya koya shi ne, in ka ga mugunya, buɗe ta fita. Sai su yanke guntun haƙarƙari su bar rami a buɗe. Kusan 30 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa haka suna mutuwa, a wasu sansanonin ma ya zarce haka nesa.

To me ke kashe su? Ku ajiye biro ku saurara, nan ne zuciyar maganar. Huhu ba shi da ƙarfin buɗe kansa. Ƙirji ne ke buɗewa, ya jawo shi. Kamar zugazugin maƙeri ne: muddin fatar ba ta huje ba, kana ja iska na shiga ta inda ya kamata; ranar da ta huje, ja har ka gaji, wuta ba za ta tashi ba. Idan ka huda ƙirji ka bar shi a buɗe, iska ta shiga ta ramin, huhun ya lotse. Graham da abokin aikinsa Richard Bell suka gwada a jikin karnuka, suka nuna cewa ɓarnar ba ta tsaya a gefe ɗaya ba. Shingen da ke tsakiyar ƙirji, inda zuciya take, ba bango ba ne, motsi yake yi, sai ya tura ya matse ɗaya huhun. Ga shi kuma yaron dama da ƙyar yake numfashi. Na maimaita: ba mugunyar ce ta kashe shi a ranar ba, ramin ne.

Maganin kuwa? Haƙuri. A zuƙe ruwan da allura, a ciyar da majiyyaci sosai, a jira mugunyar ta yi kauri, huhu ya manne da bangon ƙirji, sannan a buɗe. Mace-macen suka sauko ƙasa da 5 cikin ɗari. Ba sabon magani, ba sabuwar na'ura. Shi ya sa idan na shiga ɗakin majiyyata na tarar an ɗaga kwalbar robar da ke fitar da ruwa da iska daga ƙirji an ɗora kan gado don a yi shara, raina yake ɓaci. Kwalbar nan ƙasa take zama, bakin robar cikin ruwa, don iska ta fita kada ta koma. 'Yan aji biyar, ku nake nufi, kada ku sunkuyar da kai. (dariya)

Ina muka tsaya? Yauwa. A 1919 ya zama shugaban sashen tiyata a Jami'ar Washington da ke Sant Luwis. A 1924 shi da abokin aikinsa Warren Cole suka gano hanyar ɗaukar hoton matsarmama. Wannan ba ya cikin ukun, kyauta ce.

Na biyu, 5 ga Afrilu 1933, asibitin Barnes da ke Sant Luwis. Majiyyacin likita ne shi ma, James Gilmore, mai karɓar haihuwa daga Pittsburgh, shekara 48, da sankara a huhun hagu. Kafin a shiga da shi ya koma gida ya yi abu biyu: ya sa aka cike masa haƙoran da suka rube, ya kuma sayi filin kabari. Ka ji mai shiri biyu. Huhun dama rassa uku gare shi, na hagu biyu, niyyar Graham ya cire reshen sama kawai. Da ya buɗe sai ya ga ƙarin ya zauna daidai inda bututun iska ya rabu, ba yadda za a yi a raba. Tsoron kowa shi ne, in ka datse jijiyar da ke kai jini huhu guda, zuciya za ta tsaya. Sai ya ɗaure gindin huhun da roba, ya tsaya yana kallon bugun jini. Shiru, ba abin da ya faru. Ya cire huhun gaba ɗaya, ya cire haƙarƙari bakwai don ƙirjin ya rufta ya cike gurbin. Mutumin ya warke, ya koma yana karɓar haihuwa. Wanda bai zauna da darasin 1918 ba, ba zai yi wannan ƙarfin hali ba.

Na huɗu... na uku ko? An miƙo min takarda, saura minti biyar. Taba. Graham mashayin sigari ne na gaske, kuma da farko bai yarda tana da laifi ba. Wani ɗalibi, Ernst Wynder, ya nace, shi kuma ya ba shi dama ya yi wa majiyyata tambayoyi. A 1950 suka buga sakamakon mutum 684. Cikin mazan da ke da sankarar huhu, 1.3 cikin ɗari ne kacal ba sa shan taba, alhali a sauran majiyyatan asibiti 14.6 ne. A shekarar ce wasu masu bincike, Doll da Hill, suka samu irin haka a Ingila. A 1953 Graham da Wynder suka shafa wa ɓeraye kwaltar hayaƙin sigari a gadon baya, sankara ta fito. Graham ya daina sha, amma aikin gama ya gama: sankarar huhu ta kashe shi a Maris 1957. Gilmore bai rasu ba sai 1963.

Akwai hannu a can. Hajiya, bismillah.

(Tambayar ba ta fito sosai a faifan ba.)

Tana cewa a nan duk mai tari da jini, tarin fuka ake cewa, to yaya za a bambance? Hajiya, kin taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Alamun iri ɗaya ne: tari, jini a kaki, rama, inuwa a hoton ƙirji. Kuma gaskiya tarin fuka ya fi yawa a wajenmu, don haka fara zarginsa ba laifi ba ne. Laifin shi ne a gwada kaki ba a ga ƙwayar cutar ba, a ɗora dattijo kan maganin wata shida, wata biyu ya wuce yana ƙara ramewa, a ce ya ci gaba da sha. Wata shidan nan su ne tsakanin ƙarin da wuƙa za ta iya cirewa da wanda ya riga ya bazu. Ku tambaye shi taba, shekara nawa, kara nawa a rana. Tsohuwa kuma ku tambaye ta hayaƙin murhu. In bai samu sauƙi ba, a sake hoto, a yi sikanin, a tsinko nama a kai ɗakin gwaji. Kuma mutum ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun, samun tarin fuka bai wanke shi daga ɗayan ba.

Malam shugaba ya miƙe tsaye, an kira la'asar. Mai sauran tambaya ya same ni a bakin ƙofa bayan salla.