Yadda muka zagaye arewacin Sikotland da mota da tanti, da kurakuran da ba na so ku maimaita

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kai, ɗan matso da kyamarar, iska na cinye min murya. Yauwa, haka ya yi.

To tun da na saka hotunan fitarmu ta bara mutane ke ta damuna da tambaya, musamman ɗalibai da sababbin zuwa Birtaniya, wai ya aka yi muka yi, ina muka kwana, ba a kama mu ba? Shi ya sa na ce bari yau in zauna a bakin tantin nan in yi bayanin gaba ɗaya, don wannan ne zuwanmu na biyu, mu huɗu, kuma na farkon wallahi wahala muka sha ba kaɗan ba, kusan duk laifinmu ne.

Hanyar da muke bi sunanta North Coast 500, a 2015 aka ƙaddamar da ita a matsayin hanyar yawon buɗe ido, tana tashi daga Inverness ta zagaye can ƙuryar arewa ta dawo Inverness ɗin, mil 516, wajen kilomita 830 kenan. In ka kalli lambar sai ka ce ai wannan tafiyar kwana biyu ce. Mu ma haka muka ce. Muka ware kwana huɗu har da zuwa da komawa Manchesta, abin da muka gani a tafiyar nan bai wuce gilashin mota da ƙeyar juna ba. Ku ware mako guda, in ba ku da shi ku yanki rabi ku yi, babu wanda zai ba ku kambu don kun zagaye. Ni a ganina ku fara ta gabas, ku haura John o' Groats ku ɗauki hoton da kowa ke ɗauka, ku leƙa Dunnet Head wanda shi ne ainihin ƙarshen arewa na babban tsibirin, sannan ku gangaro yamma ta Durness da Ullapool, domin kyan yana yamma ne, in kun fara da shi gabas ɗin ba za ta burge ku ba.

Maganar lasin kafin komai. In da lasin tuƙi na ƙasar waje ka zo, galibi wata 12 kawai kake da shi daga ranar da ka zama mazauni, bayan nan ya tashi aiki, ka duba naka da kyau. Kuma in motar haya ce duk wanda zai taɓa sitiyari a sa sunansa a takarda, kar a ce wai "ɗan karɓe ni na gaji" ga wanda ba a rubuta ba, in wani abu ya faru inshora ba ruwanta da ku. A kan babbar hanyar A9 kuma tsakanin Perth da Inverness akwai kyamarorin da ke lissafa matsakaicin gudunka, ba irin wadda za ka taka birki a gabanta ka wuce ba ce.

Yanzu ga inda nake so ku saurara. Mutane na jin cewa a Sikotland ko'ina za ka iya kafa tanti kyauta, e gaskiya ne amma da saura. Dokar filaye ta 2003 ce ta ba kowa damar shiga daji da tsaunuka har ya kwana, ba kamar Ingila ba inda galibi sai da izinin mai fili. Sharaɗin shi ne ku kasance 'yan kaɗan, kaya marasa yawa, dare biyu ko uku a wuri ɗaya ku tashi, nesa da gidajen mutane, ban da gonar da aka shuka ko inda dabbobi ke kiwo a killace. Amma damar nan ta mai tafiya a ƙasa ce, ba ta haɗa da mota ba. Mu bara ba mu sani ba, muka kutsa da mota cikin ciyawa a bakin wani rairayi muna ta murna mun samu wuri, da sassafe wata dattijuwa ta zo, ba ta ɗaga murya ba, cikin ladabi ta wanke mu tas, ni na fi son a zage ni a kan irin wannan. Ka ajiye motarka inda aka yarda a ajiye, ka ɗauki kayanka ka taka. Sannan in za ku bi ta tafkin Loch Lomond, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba akwai yankunan da sai da takardar izini ko a sansanin da aka tanada. Mu dai yanzu dare ɗaya a daji, dare ɗaya a sansanin kuɗi, saboda wanka da cajin waya, in ba haka ba kwana uku motar ba ta shiguwa.

Kaya kuma, kalmar bazara ce ke yaudarar mutane. Da dare sanyi na iya sauka ƙasa da digiri 10 ko a watan Yuli, ruwa kuma ba ya sallama. Tanti ka duba lambar jure ruwa da ke jiki, ka nemi milimita 3000 zuwa sama, kuma don Allah ka gwada kafa shi a gida kafin ku taso, ba sai ana yayyafi ana riƙe maka tocilan kana karanta takarda ba. Wannan shimfiɗar, nuna musu, ita ce abin da muka raina bara, muka ce ai muna da jakar barci, ashe sanyin ta ƙasa yake shigowa, jakar kuma in ka danne ta da jikinka ba ta tare komai. Haske ma wani abu ne, a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan 10 na dare, kafin 4 da rabi ta fito, ka taho da abin rufe ido.

Sai maƙiyinmu, mij. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne da ba su kai sauro ba, matan ne ke cizo, kuma ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba, gajimare guda ne, su shiga hanci su shiga kunne su shiga shayi. Wannan da ke riƙe da kyamara bara da gudu ya shige mota ya kulle ya bar mu da tukunya a wuta, kar ka girgiza kai, ƙarya na yi? Daga Yuni zuwa Agusta suka fi yawa, da asuba da magariba, wurin da ke da damshi babu iska. Rauninsu iska ce, da ta wuce kamar mil 7 a awa ba sa iya tashi, shi ya sa kuka ga mun kafa a kan tudu muna fuskantar teku, ba can cikin bishiyoyi inda ya fi kyau a hoto ba. Ku sayi ragar kai mai ƙananan ramuka, ta sauro ba ta tare su, da man shafawa irin Smidge. Akwai kaska ma a cikin dogayen ciyayi, tana sa cutar Laim, kowane dare ka duba jikinka, bayan gwiwa da hammata da ƙugu, in ka gan ta ka zare ta da ɗan abin cire ta, kar ka ƙona ta ko ka matse, in jan zobe ya fito a wurin daga baya ka ga likita.

Girki da risho na gas za ku yi, a waje. Duk ruwan da ake yi kar ka shigar da risho ko gawayi cikin tanti, iskar kabon monoksaid ba ta wari ba ta launi, barci kawai za ka yi shi ke nan. Hura wuta a ƙasa kuma ku haƙura, yawancin ƙasar nan ruɓaɓɓen ciyayi ne da ya danƙare, tana ci ta ƙarƙashi ba ka sani ba. Bayan gida ka yi nisa da ruwa aƙalla mita 30, ka tona ka binne, shara kuma ta koma mota.

Tuƙin yamma, hanyoyi da yawa layi ɗaya ne tak, mota ɗaya ke wucewa, sai 'yan wuraren kaucewa da aka yi a gefe. In wurin na hagunka ka shiga, in yana dama ka tsaya daidai saitinsa a hannunka shi mai zuwan ya shiga, kar ka tsallaka. Wanda ya matso bayanka ka ba shi hanya, ƙila aiki zai je kai kana kallon tsauni, kuma ba wurin fakin ba ne. Ka riƙa ɗaga hannu kana godiya, kowa na yi. Tumaki na kwanciya a tsakiyar kwalta abinsu, barewa kuma da yamma take faɗowa. Hawan Bealach na Bà zuwa Applecross ya kai mita 626, kwanoni kamar an naɗe igiya, in hannunka bai faɗa ba ka bi ta bakin teku, in za ka sauko ka sa ƙaramar giya kar ka ƙona birki. Mai in ya kai rabi ka cika a gidan man farko da ka gani, taswira ka sauke ta a waya don sabis na ɗaukewa, in an shiga matsala a tsauni ka kira 999, ka ce 'yan sanda, sannan masu ceto na tsauni.

Kuɗi kuwa, tun kafin a tayar da mota kowa ya zuba nasa a hannun mutum ɗaya, shi ke biyan mai da sansani da cefane. Bara a Ullapool saura kaɗan mu ɓata a kan wa ya sha mai sau biyu, abokai na shekaru fa. Aiki ma a raba, wanda ya yi tuƙi ba ya wanke-wanke.

Kai, ka ga iskar ta kwanta? Ga su nan sun fara. Miƙo min ragar, kashe kashe, sauran bayanin jakar barci sai mun isa Durness.