Kukan bel a mashin: abin da ƙura ke yi masa da yadda ake gyarawa

Assalamu alaikum. Ku kasa kunne ku ji wannan ƙarar: ƙiii, daidai lokacin da aka murɗa totur mashin zai tashi. Bel ne yake kuka. Duk mai hawan mashin atomatik, wanda ba a sa masa giya, a lungunan Rigasa ko Hayin Banki ko Danbushiya a Kaduna inda kwalta ba ta shiga ba, ya san wannan kukan, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da hunturu ke cika gari da ƙura.

Kafin mu kwance noti ko ɗaya, ga gargaɗi: kada a zuba wa bel mai. Mun saba da Boxer da Jincheng masu sarƙa, da ta yi ƙara sai a tsiyaya mata baƙin mai ta yi shiru. Bel ba haka yake ba. Roba ce mai zare a ciki, kuma da gefunansa biyu yake kama fuli, wato faifan da yake zagayawa a kai, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ya ja taya. Mai ya taɓa shi, sai ya riƙa zamewa, robar ta yi laushi, ƙura ta manne ta zama caɓi. Ƙarar za ta ɗauke na ɗan lokaci, amma bel ɗin ya tafi ke nan. Giris ma haka, feshin da ake yi wa noti mai tsatsa ma haka.

To ta ina ƙura ke shiga alhali akwai murfi? Ku dubi fulin gaba, yana da fukafukai kamar fanka. Iska yake zuƙowa daga waje don ya sanyaya bel, kuma duk abin da ke cikin iskar tare suke shigowa. Jar ƙasar nan tamu laushi gare ta kamar gari, amma akwai yashi a ciki, tana cin roba kamar samfefa.

A kafa mashin a kan ƙafarsa ta tsakiya, a bari injin ya huce. Notocin murfin galibi sifana mai lamba 8 ke kwance su, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka a jera su a kan kwali yadda suka fito. Da an buɗe, a fara duba kalar dattin. Ja, na hanya ne. Baƙin gari, bel da kuloci ne suke cinyewa. Idan kuwa an ga danshin mai, robar da ke tare mai a bayan fuli ta mutu, kuma ko sabon bel aka sa, kwana kaɗan zai yi matuƙar ba a canza robar ba. Don Allah kada a hura ƙurar nan da baki, illa ce ga huhu. A ɗaura ƙyalle a hanci, a share da buroshi da busasshen tsumma.

Yanzu bel ɗin kansa. A bayansa akwai lamba, misali 835-20-30. Tsawonsa milimita 835 ke nan, faɗinsa 20, karkatar gefensa digiri 30. Faɗin nan shi ne ran bel. A auna shi a wurare uku. Idan 20 ya koma 19, ya gama aiki, ko da ido na ganinsa garau. Milimita ɗaya tak, amma ita ke sa ka ji injin yana ihu mashin ba ya gudu, mai kuma yana ƙarewa. Sai a lanƙwasa shi ta baya a leƙa tsakanin haƙoransa. Tsaga, zare da ya fito, ko gefe mai sheƙi kamar gilashi, duk alamun canji ne. Wannan sheƙin shi ne tushen ƙiii ɗin da muka ji da farko.

Ba kowace ƙara ce ta bel ba. Idan kas-kas kake ji kamar tsakuwa a gwangwani, rola ce. Guda shida ne a cikin fulin gaba. A gara kowace a kan wuri mai santsi, wadda ta tsaya cak ta yi gefe. A canza su duka shida, masu nauyi ɗaya. Idan kuma mashin ɗin karkarwa yake in zai tashi, kuloci ne ya sha ƙura. A goge fuskar takalmansa sama-sama da samfefa mai laushi, a wanke cikin ƙoƙonsa da feshin wanke birki. A kuma bi fuskar fuli da farce. In farcen ya maƙale a kwari, fulin zai cinye sabon bel.

Littattafan kamfanoni kan ce a canza bel wajen kilomita 20,000 zuwa 25,000. Lissafin kwalta ne. Mai bin hanyar ƙasa kullum, shawararmu ya buɗe murfin nan duk kilomita 3,000, ya wanke soson da ke bakin shigar iska da ruwan sabulu, ya bari ya bushe sarai. Da damina kuma, in ka ratsa ruwan da ya kai murfin ka ji mashin ya daina ja, kada ka matsa masa. Ka tsaya ruwan ya tsiyaye ta ƙasa tukuna.

Akwai wani nau'in, bel mai haƙora da ke waje a madadin sarƙa, irin na Harley-Davidson. Shi babban maƙiyinsa tsakuwa. Tana faɗawa tsakanin bel da fuli ta huda shi. A juya taya a hankali a duba shi kaf. Ƙaramar huda a tsakiya ana iya tafiya da ita ana lura, amma in ta taɓa gefe ko haƙori ya fita, sai canji. Ana wanke shi da ruwan sabulu da buroshi mai laushi. Ana auna ɗaurinsa yana sanyi, da ma'auni mai danna kilo 4.5, a bi adadin da littafin mashin ya faɗa. In yana tsuwwa yana goga gefen fuli ɗaya, tayar baya ce ba ta zauna daidai ba. Kuma kada a cire kariyarsa ta ƙasa don ado, ita ke tare tsakuwa.

Mu koma kan atomatik. Wurin sayen sabo, ko a Panteka ne ko a shagon unguwa, ka je da lambar, kada a ba ka mai kama da shi. Wurin sawa, in akwai kibiya a bayansa ta fuskanci inda yake juyawa. A matse fulin baya da hannu bel ya nutse ciki, sannan a ɗaure notin gaba, in ba haka ba fulin zai danne bel, notin ya yi kamar ya ɗauru, ya kwance a hanya. Tsohon kuwa, in bai tsage ba, a goge shi a ajiye a ƙarƙashin sit, zai iya kawo ka gida ranar da wani ya tsinke a hanyar Rigachikun.