Yaƙin Verdun na 1916: Wata Goma Ana Cinye Mutane a Kan Tuddai Kaɗan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina, ɗalibai da sauran jama'a, ina yi muku barka da yamma.

Yau zan yi magana a kan wani gari da ke arewa maso gabashin Faransa, a bakin kogin Meuse, sunansa Verdun. A tuddan da ke kewaye da shi ne sojojin Faransa da na Jamus suka gwabza daga 21 ga Fabrairu zuwa 18 ga Disamba na 1916, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutum kusan 300,000 suka mutu, idan aka haɗa da waɗanda aka raunata kuwa lissafin ya haura 700,000. Da aka gama, kowane ɓangare yana tsaye kusa da inda ya faro. Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka yi manyan hafsoshi masu ilimi suka ci gaba da tura 'ya'yan mutane cikin wannan wuta alhali suna ganin ba ta kai su ko'ina.

Akwai tsohuwar jikakka tsakanin ƙasashen biyu. A yaƙin 1870 zuwa 1871 Jamusawa sun ci Faransa, suka karɓe Alsace da wani yanki na Lorraine. Don gudun maimaici sai Faransa ta kewaye Verdun da kagarori na dutse da kankare, mafi girmansu shi ne Douaumont. To amma a 1914 an ga yadda manyan igwogin Jamus suka farfasa kagarorin Beljiyam, sai babban kwamandan Faransa, Janar Joffre, ya yanke cewa zamanin kagara ya wuce. A 1915 aka kwashe yawancin igwogin Verdun aka kai wasu fagage, aka rage masu gadi. Wani hafsa mai suna Émile Driant, wanda kuma ɗan majalisa ne, ya yi ta kukan cewa an bar wurin a buɗe. Joffre ya ji haushin maganar, bai so wani na ƙasa da shi ya kai ƙara wajen 'yan siyasa ba.

A ɓangaren Jamus, hafsan hafsoshi shi ne Erich von Falkenhayn, rundunar da za ta kai harin kuma tana hannun yarima mai jiran gado, Wilhelm. Bayan yaƙi Falkenhayn ya rubuta cewa tun farko bai yi nufin cin garin ba, nufinsa ya taɓa wurin da Faransa ba za ta iya bari ba, ta yi ta zuba sojojinta yana kashewa da igwa har jininta ya ƙare. Masana tarihi da yawa suna shakkar wannan magana, don takardar da ya ce ya miƙa wa sarkin Jamus a Disambar 1915 ba a taɓa samunta a ma'ajiyar takardu ba. Suna ganin ya ƙirƙiro hujjar ne don ya rufe gazawarsa. Ni dai ko wanne ne gaskiya, abin ya dame ni. In da gaske ya shirya haka, to ya zauna da alƙalami ya tsara kisan dubban ɗaruruwa a matsayin dabara. In kuma ƙarya ya yi, to yana ganin wannan ƙaryar ta fi masa mutunci a kan ya ce ya kasa.

An so a fara ranar 12 ga Fabrairu, dusar ƙanƙara da hazo suka hana har kwana tara, wanda ya ba Faransa damar kawo ɗan ƙarin soja. Da safiyar 21 ga wata igwogi kimanin 1,200 suka buɗe wuta. A wannan yini ɗaya an harba harsasan igwa kusan miliyan guda. Driant yana cikin wani daji a sahun gaba da bataliya biyu, suka riƙe wurin har kwana biyu, shi kansa aka kashe shi ranar 22 ga wata. Ranar 25 Douaumont ya faɗi, kusan ba tare da faɗa ba. Wasu tsirarun Jamusawa suka kutsa suka tarar da mutanen da ba su kai ɗari ba a cikin wannan ƙaton gini, suka kama su. A Jamus aka yi ta buga ƙararrawar coci ana murna.

Nan fa lissafin soja ya koma lissafin suna. Ta fuskar dabara, Faransa za ta iya janyewa zuwa yammacin kogin ta kafa sabon layi. Amma gwamnati ta ga cewa idan Verdun ya tafi, ita ma ta tafi. Jamus kuma, bayan an buga ƙararrawa an sanar da jama'a nasara, yaya za a yi a ce an fasa? Daga wannan mako kowane ɓangare ya ɗaure kansa da bakinsa.

Aka miƙa tsaron garin ga Janar Philippe Pétain. Matsalarsa ta farko ita ce hanya. Manyan layukan dogo biyu da ke shiga Verdun, ɗaya Jamusawa sun datse shi, ɗaya yana ƙarƙashin igwarsu. Abin da ya rage shi ne wani siririn layin dogo da titi guda ɗaya daga garin Bar-le-Duc, mai tsawon kilomita 70 da wani abu. A kan wannan titi aka jera motoci fiye da 3,000, dare da rana, suna kai mutum wajen 90,000 da kaya tan 50,000 duk mako. Da ƙanƙara ta narke titin ya fara zama taɓo, sai aka zuba dubban lebura a gefensa da shebur suna watsa tsakuwa ƙarƙashin tayoyi, motocin da kansu suna daddanne ta. Motar da ta lalace, a ture ta gefe. Ɗalibai, ku riƙe wannan wurin. Littattafai sun fi son ambaton janar-janar, amma ba don masu shebur ɗin nan ba da Verdun ya faɗi a watan Maris.

Abu na biyu da Pétain ya yi shi ne karɓa-karɓa. Runduna ta shiga wuta na 'yan kwanaki, a fitar da ita kafin ta ƙare, a shigo da wata, kamar guga a bakin rijiya, wannan na sauka wancan na hawa. Saboda haka ne mafi yawan sojojin Faransa suka ɗanɗana Verdun, kusan kowane ƙauye a ƙasar yana da wanda ya je. Jamusawa kuwa sukan bar runduna a wurin suna cike giɓin waɗanda suka mutu da sababbin yara.

Daga 6 ga Maris faɗan ya tsallaka yammacin kogi, a kan tuddai biyu, Mort-Homme da Tudu na 304. Ba zan daɗe a nan ba, watanni ne na ruwan harsashi a kan ƙasar da ta riga ta zama ramuka, gawa a binne, igwa ta tono ta, ta sake binnewa.

Inda zan ɗan tsaya shi ne kagarar Vaux, a farkon Yuni. Manjo Raynal yana ciki da mutum wajen 600. Jamusawa suka hau saman ginin, Faransawa suna ƙarƙashi, ana faɗa a cikin lunguna masu duhu da gurneti da bindigar feshin wuta. An yanke wayar tarho, sai da tantabaru yake aika saƙo, ta ƙarshe ya sake ta ranar 4 ga wata. Abin da ya karya su ƙishirwa ce, don tankin ruwan ya ƙafe. Mutane suka koma lasar danshin bango, wasu har fitsarinsu suka sha. Ranar 7 ga Yuni ya miƙa wuya. Yarima Wilhelm ya karɓe shi da girmamawa, har ya ba shi takobi.

Ranar 23 ga Yuni, bayan sun yi luguden harsasai masu iskar guba, Jamusawa suka kai ƙauyen Fleury, wanda ya sauya hannu sau 16 kafin a gama. A tsakiyar Yuli suka taɓa kagarar Souville, daga nan ba su ƙara gaba ba. Rasha ta buɗe babban hari a gabas tun 4 ga Yuni, Ingila da Faransa kuma suka buɗe nasu a bakin kogin Somme ranar 1 ga Yuli, dole Jamus ta kwashi soja da igwa ta kai can. A ƙarshen Agusta aka tuɓe Falkenhayn, Janar Hindenburg da Janar Ludendorff suka karɓa. Jinin da aka ce za a zubar na Faransa ne kaɗai, ashe na Jamus ma ya zuba kusan daidai da shi.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Ranar 24 ga Oktoba Faransa ta ƙwato Douaumont, kuma cikin waɗanda suka yi wannan hari akwai bataliya ta 43 ta sojojin da ake kira 'yan Senegal, da wasu 'yan ƙabilar Somali. Sunan Senegal ne kawai, amma ana ɗebo su daga ko'ina a Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, da yawa ta hanyar tilas, a ɗora wa sarki ko mai gari adadin samarin da zai kawo. Wannan tilas ɗin na cikin abin da ya tayar da babban tawaye a yankin Volta, wato wajen Burkina Faso ta yau, a 1915 da 1916. A watan Disamban da aka rufe faɗan Verdun kuma, a watan ne Kawsan, jagoran tawayen Abzinawa, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas. Janar Mangin, wanda ya jagoranci harin Douaumont, shi ne tun kafin yaƙi ya fi kowa kiran a cike ƙarancin sojan Faransa da baƙaƙen fata. A maƙabartar Douaumont yau akwai kaburbura 592 na Musulmi suna fuskantar alƙibla, a kusa da ginin da aka tara ƙasusuwan mutum 130,000 da ba a gane su ba, Bafaranshe da Bajamushe a gauraye. Sai a 2006 aka buɗe wurin tunawa da sojoji Musulmi a can, bayan shekara 90. Wannan jinkirin yana yi mini ciwo.

Ƙauyuka tara aka shafe gaba ɗaya, shida daga cikinsu har yau ba mai zama, kuma ana ci gaba da tono harsasan da ba su fashe ba. Janar Nivelle, wanda ya gaji Pétain a Verdun tun watan Mayu, nasarar Oktoba da Disamba ta ɗaga shi har ya maye gurbin Joffre. Ya yi alkawarin zai fasa layin Jamus cikin kwana biyu da irin dabarar da ya yi a Douaumont. A Afrilun 1917 ya gwada a Chemin des Dames, aka yi asarar rayuka mai yawa, sojojin Afirka da aka sa a sahun gaba cikin tsananin sanyi suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. Bayan 'yan makonni rundunonin Faransa da dama suka ƙi bin umarnin komawa hari, aka cire Nivelle, aka kira Pétain ya lallashe su.

Shugaba, na ga lokaci ya yi, a nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu.