Gudun Asuba da Buhu a Hannu: Lacca kan Tsince Shara Lokacin Motsa Jiki

An rubuto wannan lacca ne daga muryar da aka naɗa a wani zama na masu motsa jiki a Zinder, bayan an rage dogayen gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da ke zaune a gaba, malamai, ƴan uwa mata, da ku matasa waɗanda dominku aka kira wannan zama, barkanku da zuwa.

Duk wanda ya saba fita bayan sallar asuba ya san masu motsa jiki sun ƙaru ƙwarai a Damagaram. A bakin gudron hanyar Tanut da ta Mirriya za ka tarar da ɗalibai suna gudu, da matasan fada, wato ƙungiyoyin samarin unguwa, waɗanda suka fito sassarfa kafin su koma ɗaga ƙarfe, da dattawan da likita ya umarta su riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga. Dukansu abu guda suke takawa, wato baƙar leda, da ledar ruwa, da gwangwanin madara, da robar lemu da aka murƙushe. Abin da na zo roƙo a yau shi ne, wanda ya fita motsa jiki ya fita da buhu a hannunsa, ya tsince abin da ya iya tsincewa a kan hanyarsa, ya kai shi inda ya dace.

Wannan ɗabi'a ta yi suna a duniya daga ƙasar Suwidin, wajen shekara ta 2016, lokacin da wani mutum mai suna Erik Ahlström ya fara tara masu gudu a birnin Stockholm suna tsince shara, kuma ita ce ake kira plogging. Ta bazu har a 2019 aka ga firaministan Indiya, Narendra Modi, yana tsince robobi a bakin teku a Mamallapuram. Amma kada kowa ya ɗauka baƙon abu ne aka kawo mana, domin tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Iyayenmu mata sun daɗe suna share ƙofar gida kafin rana ta fito, gayya kuma ba a makaranta muka koye ta ba, sannan hadisi ingantacce ya tabbatar da cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma yana cikin rassan imani.

Sharar ce ta canja. A da, abin da tsintsiya take tarawa kara ne da ganye da toka da kashin awaki, a zuba a juji, damina ta jiƙa, manomi ya zo da jakinsa ya kwashe ya kai gona a matsayin taki. Mace takan tafi kasuwa da kwando ko ƙwarya. Yanzu kuwa tumatir leda, ƙosai leda, gishirin dala biyar ma leda, kuma a gari irin namu da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa, ledar ruwa ta zama abokiyar kowa, a tsotse a yar a inda ƙishirwa ta ƙare. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Rana takan gasa ta har ta kakkarye ta zama ƙanana, amma tana nan cikin ƙasa shekara da shekaru.

Wanda yake son ya ga illarta da idonsa, ya je wurin mahauta da safe ya tsaya lokacin da ake buɗe tumbin akuyar da ta yi kiwo a cikin gari. Sau da yawa za a zaro dunƙulen leda baƙi, ya cuɗe da igiya da tsumma, ya yi tauri, har sai an sa hannu biyu. Akuyar da ta haɗiyi wannan tana ci amma ba ta ƙiba, cikinta a kumbure, haƙarƙarinta a waje, mai ita kuma tana ta sayen dusa tana mamakin abin da ya sami dabbarta. A gidaje da yawa wannan akuya ita ce asusun uwargida, ita ce kuɗin magani ranar da yaro ya kwanta, ita ce abin da aka ajiye don suna ko Sallah. Ledar da muka yar bayan mun sha ruwa tana iya zama sanadin asarar wannan jari, kuma mai asarar ba za ta taɓa sanin hannun wa ta fito ba.

Sai kuma damina. Ledar da iskar hunturu ta yi ta tarawa a cikin kwatoci ita ce take toshe su, ruwan sama ya rasa hanyar da zai bi zuwa tabkuna, ya koma cikin lunguna, ya ci gindin katangun ƙasa irin na unguwannin Birni da Zango, abin da ya rage kuma ya kwanta sauro ya samu wurin hayayyafa.

Na san wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne, kuma yana da gaskiya. Nijar tana da doka tun 2014 da ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da irin wannan siririyar leda, amma duk wanda ya shiga Kasuwar Dole ya ga yadda ake aiki da dokar. Ruwanda ta hana leda a 2008 kuma ta tsaya a kan maganarta, ga shi kuma mutanenta suna fita aikin gayya Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Saboda haka ba na cewa mai gudu da buhunsa zai maye gurbin ma'aikatar magajin gari, kuma ba na so a fake da ƙoƙarin matasa a yi watsi da haƙƙin da ke wuyan hukuma. Ina dai ganin cewa ƙungiyar da aka gani tana tsince hanya mako bayan mako, ranar da ta je neman a ajiye mazubin shara a unguwarta, maganarta za ta yi nauyin da maganar mai ƙorafi daga kan benci ba za ta yi ba.

Ta fuskar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da abin da zai ƙarfafa tsoka. Mai gudu da yake tsayawa ya durƙusa ya miƙe yana sa cinyoyinsa da kwankwasonsa aikin da gudu kaɗai ba ya sa su. Sharaɗin shi ne a lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, kada a sunkuya daga ƙugu, kuma a riƙa sauya wa buhun hannu.

Yanzu na zo kan abin da nake ganin shi ne ainihin cikas, kuma ba rashin buhu ba ne, kunya ce. Saurayin da zai ɗaga ƙarfe mai nauyi a gaban abokansa ba tare da gajiya ba, shi ne zai ji nauyin duƙawa ya ɗauki ledar ruwa, don kada a ce ya zama ɗan bola, ko a ce kansa ya taɓu. Ma'aikaci yana tsoron kada wani na ƙasa da shi ya wuce a kan babur ya gan shi. Ƴan mata kuma nasu ya fi yawa, domin fitarsu motsa jiki ma ba ta tsira daga baki ba. Mu tambayi kanmu da gaske, yaya aka yi zubar da shara a gaban jama'a bai zama abin kunya ba, sai ɗauke ta? Wannan kunya daga raini ta fito, rainin da muke yi wa masu shara da masu tura amalanken bola, mutanen da idan suka ajiye aiki mako guda ba wanda zai iya zama a ƙofar gidansa. Maganinta a wurina shi ne a fara a ƙungiyance, kuma manya su shige gaba. Idan limamin unguwa, ko malamin jami'a, ko wani babban ɗan kasuwa ya fito da safar hannu ya duƙa sau ɗaya a idon mutane, ya sauke wa matasa da yawa wannan nauyi. Iyayena da ke nan, da ku nake, cikin girmamawa.

A kula da kai kuma. Kada a tsinci komai da hannu tsirara, a sa safar hannu mai kauri da rufaffen takalmi. Allura, da reza, da fasasshiyar kwalba, da auduga mai jini, ba na buhun mai gudu ba ne. Kada a zura hannu ƙarƙashin dutse ko cikin tarin shara saboda kunama da maciji, a yi tafiya ana fuskantar motoci, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. A watannin bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, a gama kafin hantsi.

Tambayar da take kashe irin wannan yunƙuri ita ce, ina za a kai buhun idan ya cika? Idan aka juye shi a bayan katanga ko a bakin tabki, iska za ta mayar da ledar kan hanya kafin azahar. Idan kuma aka cinna masa wuta, an mayar da sharar hayaƙi mai guba an raba wa maƙwabta, musamman yara da masu asma, kuma wannan gargaɗin ya shafi masu hura gawayi da leda. Don haka, kafin ku sayi safar hannu, ku zauna da mai unguwa da wakilin magajin gari ku san mazubin da aka amince da shi, ku yi magana da mai amalanken da zai kwashe, ku haɗa masa ɗan abin da ya sawwaƙa daga asusun ƙungiya. Gwangwani da ƙarfe a ware su, akwai masu saye.

Kada kuma ku ɗauki gari duka. Kowace ƙungiya ta zaɓi ɗan yanki guda na hanyar da take bi, ta tsayar da rana ɗaya a mako, ta fi mai da hankali ga bakin kwatoci, kuma ta fara tun yanzu, domin aikin ya yi nisa kafin ruwan farko ya sauka a watan Yuni.